Na nemi Ali kaɗai, LIKE ya kwaso har da Halima da Salisu

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke riƙe da rumbun bayanan ɗalibai a wata makarantar kuɗi a Zariya, manhajar rumbun bayanai ta MySQL 8 muke amfani da ita. Ranar Litinin mahaifin wani yaro mai suna Ali ya kawo rasit ɗin kuɗin zango, sai na rubuta:

UPDATE dalibai SET biya = 1 WHERE suna LIKE '%Ali%';

Da farko Workbench, manhajar da nake tura wa MySQL umarni da ita, ya ƙi, ya nuna kuskure mai lamba 1175. Wanda ya koya mini aikin ya ce in kashe wannan kariyar, ba komai. Na kashe, na sake turawa, sai na ga layi 63 sun canza. Yanzu akanta na cewa kuɗin da ke banki bai kai yawan waɗanda aka rubuta sun biya ba, mai makaranta kuma ya fara yi mini wani irin kallo. Wallahi ban ci ko kwabo ba. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ana iya dawo da bayanan? Kuma yaya zan sa LIKE ya riƙa kamo mutum ɗaya kawai?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa in Allah ya yarda. Amma kafin komai ka ɗauke hannunka daga wannan tebur. Na san abin da zuciyarka ke raya maka: ka sake tura umarnin da biya = 0, komai ya koma yadda yake. Kada ka yi. MySQL layin da ya canza yake ƙirga maka, don haka 63 ɗin nan waɗanda ba su biya ba ne kafin Litinin. Akwai wasu Halimomi da Salisu da Khalid da Jalila da iyayensu suka biya tun farkon zango, su ma sunansu na ɗauke da a, l, i a jere. Idan ka juya umarnin za ka mayar da su masu bashi, garin neman gira ka rasa ido.

Ka fara ɗaukar kwafin rumbun da mysqldump, umarnin da ke kwafe bayanai zuwa fayil, ka ajiye a wata na'urar daban. Sannan ka tura SHOW VARIABLES LIKE 'log_bin', ka duba. Wannan zai nuna maka ko kundin da ke rubuta duk canjin da aka yi wa bayanai yana kunne. A MySQL 8 a kunne yake zuwa, kuma yana riƙe kwana 30 idan ba wanda ya taɓa saitin. In ka ga ON, ka buɗe fayil ɗin ranar Litinin da mysqlbinlog, umarnin karanta wannan kundi, ka haɗa da -v da --base64-output=DECODE-ROWS. Zai zayyano maka layin nan 63 ɗaya bayan ɗaya, yadda kowanne yake kafin umarnin da yadda ya koma. Ka kwashe lambobinsu, ka ware na Ali na gaskiya, sauran 62 ka mayar da su da lambarsu. In kuwa OFF ka gani, kamar yadda ake yawan samu a kunshin manhajoji na XAMPP tunda MariaDB, 'yar'uwar MySQL, ce a cikinsa, to sai ku zauna da akanta da littafin rasit ku bi suna suna. Ko ta wace hanya, ka je wurin mai makaranta yau ka nuna masa umarnin da ka rubuta. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji daga bakin akanta.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an yi mini irinta. LIKE ba ya kamo mutum ɗaya, ba kuma don haka aka yi shi ba. Aikinsa ya tara duk rubutun da ya yi kama da zanen da ka ba shi. Alamar % na nufin ko me ya zo nan na yarda, harafi ɗaya ne, ɗari ne, ko babu komai. Da ka sa ta gaba da baya, cewa ka yi a kawo maka duk sunan da ali ya ratsa cikinsa. Tsarin kwatanta haruffa da MySQL 8 ke zuwa da shi, utf8mb4_0900_ai_ci, ba ya bambance babban baƙi da ƙarami, shi ya sa ali na tsakiyar Halima ya zama daidai da Ali. Na'urar ta yi abin da ka ce ne, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake koya wa yara cewa LIKE mai % gaba da baya wai shi ne = mai wayo, a sa shi ko'ina don kada a rasa kowa. Mutum ya yi sati biyu yana kallon bidiyo, ya buɗe shago yana sayar wa makarantu da kemis manhaja, kowane WHERE a cikinta LIKE ne. Na ga ana neman ɗalibi mai lamba 12 da '%12%', wanda ke kwaso 112 da 120 da 1203. Na ga an goge bashin kwastoma ta wannan hanya, aka tafi da na mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. Mafi muni, na taɓa duba manhajar wani kemis na tarar ana gwada kalmar sirri da LIKE. Duk wanda ya buga % kaɗai a gurbin, ƙofa ta buɗe masa, ga farashin magani ga lissafin kuɗi. Da na nuna wa wanda ya rubuta, cewa ya yi ai shekara guda tana aiki ba a samu matsala ba. Wa ya gaya masa ba a samu ba? Kuskuren LIKE ba ya ihu. Umarnin zai wuce lafiya, allo ya nuna kore, sai ranar lissafi a fara neman ɓarawo a cikin bayin Allah da ba su ɗauki komai ba, kamar yadda ake shirin yi maka.

Shi kuma kuskure na 1175 da aka ce ka kashe, shi ne mai gadin da ya tare ka a bakin ƙofa. Ma'anarsa ita ce kana shirin canza layuka ba tare da ka ambaci gurbin da ke da makulli ba. Malaminka ya ga gargaɗi, maimakon ya karanta, ya ba ka SET SQL_SAFE_UPDATES = 0. Ka mayar da shi 1 yanzu, kuma ka gaya masa cikin ladabi abin da shawararsa ta jawo, don kada ya ba wani.

Wasu za su ce ai su suna tura abin da mai nema ya buga ta gurbin ? na shiryayyen umarni, wato umarnin da ake tura shi daban, abin da aka buga kuma daban, saboda haka sun tsira. Wannan yana da kyau, dole ma a yi shi. Shi ke hana kutse ta hanyar cusa umarni, shi kuma ke sa sunaye masu alamar ' irin Sa'idu da Mu'azu da Rabi'atu su daina karya umarni, ba wai a hana mutane rubuta sunansu daidai ba kamar yadda wasu ke yi. Amma gurbin ? ba ya kashe ƙarfin % da _. Har yanzu wanda ya buga % a akwatin nema zai ga sunan kowane yaro a makarantarku. Sai ka kuɓutar da su da kanka: ka zaɓi alama kamar !, ka ninka ta idan ta zo cikin rubutun, ka sa ta gaban kowane % da _, sannan ka rufe da ESCAPE '!'. Ita _ ɗin nan ta fi yaudara, domin tana kama da rubutu na yau da kullum alhali kowane harafi ɗaya take karɓa: 'JS1_A' zai yarda da JS12A. Ko log_bin da na ba ka a sama, _ ɗin cikinta haka take aiki, sa'a ce kawai babu wani suna da zai faɗa ciki.

LIKE yana da gurbinsa, wato akwatin nema, inda mutum zai duba jerin da idonsa ya zaɓa. A can ma 'Ali%' ya fi '%Ali%' sauri idan gurbin suna na da fihirisa, kamar yadda neman kalma a ƙamus ke da sauƙi in ka san farkonta, in ba ka sani ba sai ka bi shafi shafi. Kuma kada ka ɗauka zai gane Muhammad da Mohammed da Mamman, ko Ɗanjuma da Danjuma. Wannan sai ka ƙara gurbi na biyu da kake ajiye sunan a daidaitaccen rubutu don nema kawai.

Ga yadda ya kamata aikin ranar Litinin ya tafi. Ka nemo da SELECT lamba, suna, aji FROM dalibai WHERE suna LIKE 'Ali%'; ka gwada da abin da ke kan rasit, domin ko = 'Ali Musa' ba tabbas ba ne a makarantar da za a iya samun Ali Musa biyu. Da ka ga yaronka, ka tura START TRANSACTION, ka yi UPDATE da WHERE lamba = lambarsa, ka dubi adadin layin da ya canza. In 1 ne, COMMIT, wato ka tabbatar da canjin. In ya wuce 1, ROLLBACK, wato ka soke canjin, ka sake dubawa. Haka za ka bi wajen gyaran 62 ɗin nan ma: lambobinsu a cikin IN, adadin ya nuna 62 daidai kafin ka tabbatar. Idan abin da mysqlbinlog ya fitar ya rikita ka, inda yake rubuta @1 da @2 maimakon sunayen gurabe, ka bi su bisa jerin da guraben suke a teburinka, @1 shi ne gurbin farko.