Ga mai tambaya kan sayen injin buga fulan a biro

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce ku huɗu ne a bironku, kun gaji da kai fulan shagon bugawa a dawo muku da shi ba daidai ba, kana tambaya ko ku sayi tarasar taku, wato injin buga manyan fulan gini. Wallahi ciwon da ka taɓo namu ne duka, mu da ke zane a Damagaram.

Kuɗin da shago ke amsa bai kai ɓarnar ma'auni ciwo ba. Ka aika PDF na takarda mai girman A1 a kan ma'aunin 1/50, yaron shago ya danna wajen da ke matse zane ya cika takarda, ya fito kashi 97 cikin ɗari. A ido lafiya lau. Amma bangon mita 5, wanda ya kamata ya zama milimita 100 a takarda, ya koma 97. Magini a shantiye ya ɗora rula inda ba ka rubuta lamba ba, ya karanta mita 4.85. Santimita 15 sun tafi, kuma ba mai ganewa sai an zuba kankare, ko an kawo ƙofar ƙarfe ta ƙi shiga. Mai gida ba zai nemi yaron shago ba, sunanka ne a jikin fulan. Ka koma da ƙorafi a ce maka "ai haka kwamfuta ta fitar". Wani ma in takardar faɗi ta ƙare masa sai ya buga maka A1 a kan A2, kashi 71 ke nan, ma'aunin da babu rular da ke karanta shi, ya naɗe ya miƙo maka bakinsa alaikum. Da A3 ya yi da sauƙi, don tsawo da faɗin A3 rabin na A1 ne cif, 1/50 ya zama 1/100. Sannan fayil ɗinka yana nan kwance a kwamfutarsu, in dosiyen neman kwangila ne duk wanda ya zo bayanka yana iya leƙawa, kile ɗinka na USB kuma ya dawo da cutar kwamfuta.

Injin cikin gida wannan yake kashewa. An sauya wurin ginshiƙi da la'asar, ka gyara, ka sa wa fulan harafin B, alamar bugu na biyu, da kwanan wata, ka buga, da safe yana Mirriya ko Matamaye a hannun mai ɗaurin ƙarfe. Ka amshe tsohon A ɗin ka yaga shi, don in biyun suka kwana a shantiye, tsohon za a bi.

In za ku saya, faɗin injin shi ne farkon abin dubawa. Mai inci 24 (milimita 610) iyakarsa A1, wato 594 da 841. A0 kuwa 841 da 1189 ne, sai mai inci 36 (milimita 914). In aikinku gidajen zama ne da azuzuwan lakwal, 24 ya ishe ku. In kuna taɓa hanya, magudanar ruwa ko rabon filaye, ku daure ku ɗauki 36. Naɗin takarda ɗaya na mita 50 mai faɗin 914 yana ba da A1 wajen 84 in an kwantar da shi a gicciye, ko A0 wajen 42, ka cire abin da gwaji zai ci. Takardar giram 80 ta isa, kuma ka duba bututun tsakiyar naɗin ya zama inci 2, don mai inci 3 ba ya zama a kan sandar ƙananan injuna.

Tawada kuma, ka tambaya kafin ka biya. HP DesignJet T630 da T650 suna shan katush, wato kwalin tawada, mai lamba 712, baƙin ba ya jin ruwa sosai amma kaloli ukun suna zuba in damina ta taɓa takarda ko gumin hannu. Canon TM-300 da Epson SC-T5100 duk kalolinsu irin mai jure ruwa ne. Ni dai ba suna nake bi ba, wanda zan samu katush ɗinsa a Kano ko Yamai shi ne nawa. Yamai kusan kilomita 900 ce, Kano ba ta kai 300 ba, amma ka tuna an rufe iyaka daga Agusta 2023 har Maris 2024. Kullum a samu baƙi biyu da kowace kala ɗaya a ajiye. Masu kawo katush da aka ɗura wa tawada suna rantsuwa sabo ne, Allah ya isa kawai, kan bugawa, wato abin da ke fesa tawada a takarda, suke kashewa, shi kuwa kan tsadarsa ta fi ta katush nesa.

To ga inda nake ja maka kunne. Injin nan zama ke kashe shi. In ya yi sati biyu uku bai buga ba, tawada ta bushe a ƙananan ramukan kan, layuka su fito a tsinke, ka shiga wanke kai, kowane wanki kuma tawada yake sha. Ko babu aiki, ka buga ɗan zane mai duk kaloli sau ɗaya a sati. Masu ƙera shi suna son ɗanshin iska tsakanin kashi 20 da 80, zafi kada ya wuce 35 in ana son aiki mai kyau, mu kuwa hunturunmu ya fi haka bushewa, Afrilu da Mayu kuma sun haura 40. Ɗaki mai rufi, nesa da taga, da kilim in da hali, a lulluɓe shi da zane in an tashi. Ƙurar hunturu tana hawa wata siririyar roba mai haske da ke bayan kan, wadda yake ƙirga tafiyarsa da ita. In ta yi datti layi ya karkace ko kan ya daki gefe. Ƙyalle marar gashi da ɗigon ruwa, a hankali, inji a kashe.

Ondulur, wato batirin da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke, dole ne. Injin bai cin wat 100, mai 1000 VA ya ishe shi. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, kan yana tsayawa a fili bai koma mazauninsa ya rufu ba, nan yake bushewa. Don haka ma kada a riƙa zare shi daga bango, a kashe shi ta maɓallinsa. Gurup ɗin da wutarsa ke rawa kuma kada a haɗa kai tsaye.

Lissafin kuwa, ka tattaro rasiɗan shago na wata shida, ka ƙirga A1 nawa kuka buga, ka haɗa da man babur da awannin da yaronku ya ɓata a layi. In ba ku kai bugun kowane sati ba, ku sayi firinta ta A3 ku riƙa zana 1/100, manyan ku kai waje, ko ku haɗa kai da wani biro ku sayi ɗaya. Ko a ina aka buga, ka zana layin santimita 10 a kusurwar kowane fulan, ka ɗora rula a kai kafin takarda ta bar hannunka.