Amsa ga Kawu game da mai jinyar Hajiya

Kawu, na samu labarin abin da kuka faɗa bayan kun koma Kano, wai mu Jasawa, wato Hausawan Jos, mun yar da zumunci tunda har muna biyan bare ya kula mana da mahaifiya, har kuna tambayar ko har yanzu mu Hausawa ne. Maganar ta yi mini zafi, shi ya sa na ga ya kamata in yi muku bayani.

Tun da Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, mu uku muke kwana da ita bi da bi, amma so daban ne, iyawa kuma daban. A watan farko gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu, domin ba mu san ana juya majinyaci duk bayan awa biyu ba. Matar da kuka tarar, wadda muke kira Ngo kamar yadda Birom suke girmama iyayensu mata, ita ta koya mana haka. Ita ta hana mu jan hannun da ya shanye idan za mu ɗora ta a keke, ta kuma nuna mana cewa sai an zaunar da ita sosai kafin a ba ta kunu, don kada ta ƙware. Kirista ce, amma kafin a kira azahar ta riga ta ɗumama ruwan alwala saboda sanyin garin nan, ta juya keken ya fuskanci alƙibla.

A Filato mun daɗe muna kallon kula da nakasassu a matsayin aikin da ake koya. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, Jami'ar Jos kuma tana da sashen horar da malaman masu buƙata ta musamman.

Batun ko har yanzu mu Hausawa ne, kun fi ni sanin cewa haƙar kuza ta kawo kakanmu, ya auri Bajara, wato 'yar ƙabilar Jarawa, ita ta haifi Hajiyar da kuke zuwa dubawa, kuma a hannun wannan kakar tamu na koyi Fatiha. Bayan rikicin Jos na 2001 unguwannin Musulmi da na Kirista sun rabu, duk da haka Ngo tana shigowa Unguwar Rogo kullum da sassafe, ko da danginta sun nuna fargaba, a kan albashin da ni kaina na san bai kai wahalarta ba. Daga gida Kano kuwa, Kawu, shekara biyu ke nan muna jiran wanda zai zo ya karɓe mu ko da kwana uku ne.