Ku Tambaya Mu Amsa: Wutar Sahel da Hanyar Paga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne mazaunin Aboabo a Kumasi, kuma na daɗe ina karɓar kaya daga Nijar. Yanzu direbobi suna dawowa da labarai marasa daɗi game da hanyar Burkina Faso. A majalisarmu kuwa, kullum bayan la'asar gardama ba ta ƙarewa: wasu sun ce tunda an kori Faransa an kawo Rasha, to an kusa gamawa da 'yan bindiga, wasu kuma sun ce Ghana ce ke biye. Malam, wanne ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya albarka a kasuwa. Cewa an sallami Faransa gaskiya ne. Sojojinta sun bar Mali a Agustan 2022, sun bar Burkina Faso a Fabrairun 2023, sannan Nijar a Disamban shekarar, Amurka ma ta kwashe nata daga sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas a 2024. Sojojin hayar kamfanin Wagner na Rasha sun isa Mali a ƙarshen 2021, kuma da suka sanar da tafiyarsu a Yunin 2025, sai rundunar Africa Corps, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha, ta ci gaba da aikin. Ƙasashen uku sun ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES a ranar 16 ga Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS kuma ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025.

Inda zan rabu da ɓangaren farko na majalisarku shi ne cewa an kusa gamawa. Ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida, wadda Iyad Ag Ghali ke jagoranta tun kafuwarta a 2017, ta kai ga tare tankokin man da ke shiga Mali daga Senegal da Kwadebuwa tun daga Satumban 2025, har layin mai ya cika Bamako, gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu. Wanda ya iya hana babban birnin ƙasa mai, ba a ce masa mai gargara. Adalci dai shi ne a faɗa cewa Faransa ma ta yi kusan shekara goma a Mali, daga 2013, wutar kuma tana ƙara yaɗuwa a kan idonta, don haka masu jin haushinta suna da hujja. Rasha kuwa tana fama da nata yaƙin a Yukiren tun Fabrairun 2022, abin da za ta iya turowa Sahel yana da iyaka.

Batun Ghana ya fi buƙatar natsuwa. Maƙwabtanmu duk sun ɗanɗana: an kai wa sojojin Kwadebuwa hari a Kafolo a Yunin 2020, an kashe sojojin Togo 8 a arewacin ƙasar a Mayun 2022, Benin kuma ta rasa sojoji 54 a Afrilun 2025. Ya zuwa wannan rubutu ba a kai irin wannan hari a cikin Ghana ba, alhamdu lillahi. Sai dai a Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa mayaƙan suna tsallakowa arewacin Ghana neman abinci, mai da magani. Gwamnati ta musanta cewa akwai wata fahimta tsakaninta da su, amma duk wanda ya san iyakar, daga Hamile zuwa Paga zuwa Kulungugu, ya san ɓarauniyar hanya ta fi ta hukuma yawa, kuma babur ba ya tambayar inda ofishin kwastan yake.

A ganina, abin da ya fi cancantar gardamar majalisarku shi ne Bawku. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ba shi da alaƙa da aƙidar JNIM, amma ya tara bindigogi a hannun matasa a garin da ke dab da iyakar Burkina Faso da Togo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsakiyar Mali haka abin ya faru: rigimar makiyaya da manoma ce Amadou Koufa, ɗaya daga cikin jagororin JNIM, ya hau kanta ya tara mabiya. Shi ya sa sulhun da Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya jagoranta a fadar Manhyia a 2025, nan kusa da ku, aikin tsaron ƙasa ne. Haka ma yi wa Fulani kuɗin goro, a riƙa kallon kowane makiyayi a matsayin ɗan ta'adda, kyauta ce ake miƙa wa masu ɗaukar mayaƙa.

Abu na biyu shi ne ko jami'an tsaron ɓangarorin iyakar suna magana da juna. Shirin haɗin gwiwar tsaro tsakanin ƙasashen yankin, na Akra, da aka kafa a 2017 ya yi sanyi, musamman bayan Disamban 2022, lokacin da Shugaba Akufo-Addo ya faɗa a Washinton cewa Burkina Faso ta ɗauko Wagner, har mahukuntan Wagadugu suka kira jakadan Ghana don ya yi bayani. Shugaba Mahama ya ɗauki wata hanya: shugaban Burkina Faso Kyaftin Ibrahim Traore ya halarci rantsar da shi a Janairun 2025, Mahama kuma ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman ga ƙasashen AES, sannan ya zagaya su duka uku a watan Maris.

Game da sana'arka, ECOWAS ta sanar cewa za ta ci gaba da amincewa da fasfo da zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Ka gargaɗi direbobinka su guji tafiyar dare, su bi ayari, kuma kada kwaɗayin 'yan kuɗi ya sa su ɗora jarkar mai ko ƙunshin da ba su san mai shi ba a kan buhunan albasa. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba a cikin Ghana yana iya kiran 999.

TAMBAYA: Ni uwa ce daga Asawase. Ɗana ya nuna mini bidiyo a TikTok cewa Amurka tana da sansanin soja a Ghana. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, tushen maganar yarjejeniyar tsaro ce da majalisar dokoki ta amince da ita a Maris na 2018, wadda ta ba sojojin Amurka damar amfani da wasu wurare, ciki har da wani sashe na filin jirgin saman Akra, don atisaye da ajiye kayan aiki. An yi zanga-zanga a kanta a lokacin, 'yan adawa suka fice daga zauren majalisa, gwamnatocin biyu kuma suka dage cewa ba sansani ba ne. Yarjejeniyar tana nan a rubuce, ki ce wa yaron ya nemo ta ya karanta miki.