Tambayoyinku: Digirin Wata Uku ta MoMo

Wata uwa daga Aboabo ta rubuto: "Malam, ɗana na karatu daga nesa a jami'ar KNUST ta Kumasi, a Gana, yawancin darasi a waya. Anya karatu ne kuwa?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, karatu ne. Tun kafin korona ta rufe makarantu a 2020 KNUST ke da sashen karatu daga nesa, kuma jami'ar da kanta za ta ba shi shaida. Sai dai in ya ce yana lakca, ki riƙa leƙawa, kada datar da kika saya ta ƙare a kallon ƙwallo.

Wani matashi daga Nima: "Sabuwar waya zan saya ko laftof na hannu?"

Laftof. Ba a rubuta aikin shafi ashirin da babban yatsa. In a kasuwar wayoyi ta Tip Toe Lane da ke Accra za ka saya, zare caja ka bar shi kunne rabin awa tukuna, ka ga ƙarfin batirinsa. Dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ruwansa da jarrabawarka.

Wani daga Sabon Zango: "Na ga talla a Facebook, digiri na biyu daga Ingila cikin wata uku, ba jarrabawa, a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. In tura?"

Haba ƙanena! Wace jami'ar Ingila ce ke karɓar kuɗin makaranta a lambar wani bawan Allah? Danna lambar ka ga sunan da zai fito. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai hukumar GTEC, ita ke tantance manyan makarantu a Gana, ita ke duba takardun da aka samo daga waje. Sunan makarantar kaɗai bai isa ba, kwas ɗin ma sai an amince da shi. Na taɓa riƙe irin wannan takarda a hannuna, ɗan maƙwabcina ya sa ta a gilashi: tambarin zinariya, jan zare, amma an yi kuskuren harafi a sunan jami'ar. Kuɗin adashin uwarsa ne suka tafi. Abin da ke ƙona mini rai, mutum zai yi rabin awa yana ciniki kan atamfa a Makola, yana murza ta yana shinshina, amma ya tura dubban sidi ba tambaya. Kada ka tura ko kwabo.

Wata ma'aikaciya daga Asawase: "An ce mu yi kwas a Coursera, shafin karatu na intanet. In biya wani ya yi mini?"

A'a, 'yata. Ranar da maigida zai ce ki buɗe manhajar lissafi ta Excel a gabansa, wanda kika biya yana gidansu.