Kamfani ya hana mu kuɗin ƙarin lokaci: shin mu tafi yajin aiki?

Tambaya: Barista, ni injiniyan gyaran jirgin sama ne, ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Kano. Yarjejeniyar da ƙungiyarmu ta ƙulla da kamfani wa'adinta ya cika, sai yawo suke mana da hankali kan sabuntawa. Kuɗin ƙarin lokaci ma an daina biya. Kwanan baya na ƙi sa hannu a saki wani jirgi saboda gyaran bai kammala ba, sai ga takardar tuhuma. Abokan aiki na cewa mu ajiye aiki kawai. Mene ne matsayinmu a doka?

Amsa: Malam, kada ku ajiye aiki tukuna. Dokar Rikicin Ma'aikata ta Muhimman Ayyuka ta 1976 ta sa harkar jigilar mutane da kaya ta sama, da kula da filayen jirage, cikin ayyukan da ake kira muhimmai. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 kuma ya hana masu irin wannan aiki shiga yajin aiki, ya tura su ga sasanci. Ƙungiyoyi sun daɗe suna sukar wannan tsari, ni ma ina ganin an faɗaɗa shi fiye da kima, amma alƙali da abin da ke rubuce zai yi hukunci. In kuka fita yau, sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata ya ba kamfani dama ya riƙe albashin kwanakin da ba ku yi aiki ba, lauyansa kuma zai garzaya kotu ya nemo umarnin a mayar da ku bakin aiki. Kun miƙa masa makamin da bai da shi ke nan.

Kokenku kashi biyu ne, ku daina cakuɗa su. Akwai abin da kuke neman a ƙara muku a sabuwar yarjejeniya, wannan ciniki ne, ba kotun da za ta yanke muku farashi a zama ɗaya. Akwai kuma haƙƙin da kuka riga kuka yi wa aiki, irin kuɗin ƙarin lokacin nan, wannan bashi ne.

Kan bashin, ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta ta da kyau. Idan ta ce albashinka da alawus za su bi yarjejeniyar ƙungiya, to sharuɗɗan nan sun zama naka na kanka, cikar wa'adin yarjejeniyar bai shafe su ba. A da, kotunan Najeriya na cewa yarjejeniyar ƙungiya magana ce ta mutunci kurum, ba a tilasta ta sai an shigar da ita cikin kwantiragin mutum. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sauya lissafin: sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin fassara irin wannan yarjejeniya da aiki da ita, har da duba rashin adalci a wurin aiki bisa mizanin da duniya ta amince da shi. Kotun tana zama a Kano, ba sai ka je Abuja ba.

Wani abu da yawancin injiniyoyi ba su sani ba: Dokar Ƙwadago, a ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa. Lauyan kamfani zai iya cewa mai lasisi irinka ba ya cikin inuwarta, ko da yake ƙananan makanikai da masu taya ku aiki suna ciki. Shi ya sa nake matsa maka kan takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfani, domin nan ƙarfinka yake. Ka tara jadawalin aiki, da takardun albashi, da duk saƙon da aka kira ka aikin dare ta WhatsApp. Ka kuma duba asusun fanshonka: dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, kai kashi 8, cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Kamfanin da ya fara cin kuɗin ƙarin lokaci, sau da yawa a nan ma ana samunsa da tabo.

Batun sabuwar yarjejeniya kuwa, hanyarsa a shimfiɗe take a Dokar Rikicin Ma'aikata. Za ku fara da tsarin sulhun da ke cikin yarjejeniyarku. In ya ci tura, ɓangarorin biyu su amince da mai shiga tsakani cikin kwana 7. In shi ma bai daidaita ku ba, a rubuta wa Ministan Ƙwadago, shi zai naɗa mai sasantawa ko ya miƙa maganar ga kwamitin sasanci na IAP, daga can sai Kotun Ma'aikata. Tafiyar tana da jan lokaci, amma kowane mataki yana barin takarda, kamfani kuma ba ya son a ga takardar da ke nuna shi ya ƙi zama. Wannan aikin uwar ƙungiya ne. Masu lasisi galibi suna ƙarƙashin NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, sauran ma'aikata kuma ƙungiyoyin NUATE ko ATSSSAN. Ku sa reshenku ya rubuta wa hedikwata, a daina tsayawa ga maganar baki a rumfar gyara. Ranar da aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ku tabbata an kai wa Minista kwafi uku cikin wa'adin da doka ta ce.

Takardar tuhumar ce ta fi damuna, don ita ce mai gaggawa. Ka amsa ta a rubuce cikin lokacin da suka ba ka, ba zagi, ba dogon tarihi. Faɗi lambar jirgin, da ranar, da aikin da ya rage, da wurin da littafin gyara na kamfanin da ya ƙera jirgin ya ce a yi shi. Lasisinka hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ce ta ba ka, da sunanka, ba da sunan kamfani ba. Sa hannunka shaida ce cewa jirgin ya cancanci tashi, in wani abu ya faru kai za a fara nema, manajan da ya matsa maka zai ce bai san zancen ba. Kana da damar kai rahoton matsin lambar ga sashen kula da inganci na kamfanin, da ita hukumar kanta. Ka riƙe kwafi.

Idan suka kira ka gaban kwamitin ladabtarwa, nemi a ba ka zargin a rubuce, ka je da wakilin ƙungiya in ƙa'idojinku sun yarda. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki ko da an ce maka hakan ya fi rufin asiri, domin za ta raunana ƙararka. In sun sallame ka, Kotun Ma'aikata a shekarun nan tana yawan tambayar kamfani dalilin sallama, ba ta tsayawa ga cewa an ba da albashin wata guda a madadin sanarwa. Sai dai ka san wannan tun yanzu: a kamfani mai zaman kansa, abin da aka fi samu diyya ce, da wuya kotu ta tilasta a mayar da mutum kujerarsa. Kafin ka miƙa amsar tuhumar, kai wa lauya ya duba ta tare da takardar ɗaukarka aiki.