Da-na-sani, nadama da tuba: amsar wasiƙu biyu

Wata baiwar Allah 'yar zumuntar mata daga Kafanchan ta rubuto tana cewa: "Malam, mahaifiyata ta rasu muna gaba, ban je na roƙi gafararta ba. Shekaru sun ja, kullum ina addu'a, amma abin yana cin raina. Wasu na ce mini da-na-sani ƙeya ce, wasu kuma su ce in yafe wa kaina. Me karin maganar ke nufi? Lallashi ne ko gori?"

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Ƙeya ita ce bayan kai, kuma cikon maganar shi ne "a baya take". Ma'anarta, sanin da ya kamata a yi tun farko ba ya zuwa sai aiki ya riga ya ɓaci. Gargaɗi ne da ake yi wa wanda bai kai ga aikatawa ba, don ya yi hattara. A ganina, wanda ya jefa wa mai makoki wannan magana ya sa ta inda ba muhallinta ba.

Kalmomi uku ne ake cakuɗawa a nan. Da-na-sani tamu ce ta gida, jimla ce guda da aka dunƙule ta zama suna. Nadama aro ce daga Larabci, ciwon da zuciya ke ji kan abin da ya wuce. Tuba ma daga Larabci take, amma asalin ma'anarta komowa. Biyun farko ana iya yinsu a zaune har tsufa. Tuba kuwa sai an tashi, kuma akwai wanda ake komawa wurinsa.

Manzo Bulus ya raba su a 2 Korantiyawa 7:10, inda ya nuna akwai baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai kuma na duniya mai kaiwa ga mutuwa. Ki dubi Yahuza da Bitrus, biyu daga cikin almajiran Yesu. Yahuza ya yi nadama ta gaske, har ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, ya ce ya ba da marar laifi, amma wurin manyan firistoci ya kai kukansa, su kuwa suka ce ba ruwansu. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Daga baya, a bakin tekun Galili, da ya ji Yesu ne ke tsaye a gaɓa, sai ya faɗa ruwa ya nufe shi. Sau uku aka tambaye shi ko yana ƙaunar Almasihu, aka kuma damƙa masa kiwon tumaki, wato kula da masu bi.

Batun "yafe wa kai" kuma, sabon zance ne a bakinmu. Bahaushe ya san yafiya tsakanin mutum biyu, mai laifi da mai haƙƙi, kamar yadda ake yafe bashi. Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:12 ma, a Helenancin asali da kalmar bashi aka yi ta. In mai kanti ya ɗauko littafi ya ja layi a kan sunanki ya ce "na yafe", ba kya komawa kowace safiya da kuɗi a ƙulle a bakin zane. Abin da 1 Yahaya 1:9 ta alkawarta ke nan ga wanda ya furta zunubinsa. Kin furta, ba sau ɗaya ba. Shawarata, ki sauya addu'ar daga roƙo zuwa godiya. Kalmar da iyayenmu ke da ita a nan ita ce dangana, wadda a aikatau ke nufin jingina abu da wani abu: ki jingina wannan kaya ga Allah. In kuma akwai ƙanwar mahaifiyar taki ko wani kawu da gabar ta shafa, ki je ki gaishe su tun suna raye.

Wani ɗalibi daga Wusasa kuma ya tambaya: "Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma matar Lutu ta waiwaya ta zama gishiri. Wanne za mu bi?"

Ɗana, ba su ci karo ba. Karin maganar ta ce adon tafiya, wato ƙafa na gaba, ido ya ɗan leƙa baya ya dawo. Matar Lutu kuwa, ita da iyalinta an riga an hana su waiwayen (Farawa 19:17), don an yanke wa Saduma, birnin da suke gudu daga cikinsa, hukunci. Bulus da ya ce yana mance abin da ke baya a Filibiyawa 3:13, a surar nan dai ya ambaci yadda ya tsananta wa ikkilisiya. Bai goge tarihinsa ba, ya dai ƙi zama a cikinsa. Tun da a Wusasa kake, kana kusa da tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 wadda Dokta Walter Miller, ɗan mishan da ya zauna a ƙasar Zazzau, ya yi wa aiki. Ka nemi tsohon bugun a wurin dattawan coci, ka gwada ayar nan ta Filibiyawa da ta sabon bugu, ka rubuto mini abin da ka gani.