Tayar tirela ta yi zafi bayan doguwar ajiya

Malam, ka ce tirelar da kake yada zango a cikinta ta shekara a ajiye, yanzu gindin taya ɗaya na zafi. Ko dai boris (ƙananan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu) ya bushe, ko birki ya kama.

Ɗaga ta da jak, ka tokare, ka juya tayar. Gurnani na nufin boris ne. Kama sama da ƙasa ka girgiza; bai kamata ta yi lilo ba. A wanke boris, a cusa sabon giris duk wata 12. Kada ka ɗaure notin da ke riƙe boris ɗin tam, abin da ya taɓa ƙona min boris ke nan.

In giris ya taɓa birkin, sai bakanike; haka ma in taya na cinyewa gefe ɗaya, don ƙila ƙarfen da ke riƙe tayoyin ya lanƙwashe.